Ranar da Aka Yanke wa Fayiloli Wutsiya

Da safiyar Laraba, ƙarfe takwas saura kwata, Sakatariya ta zauna a teburinta ta taɓa kwamfuta, sai rubutu ya bayyana manya-manya kamar na allon talla. Ta ja tsaki ta mayar da shi daidai ba tare da ta kawo komai a ranta ba. Sai da ta buɗe jakar rahotanni a kwamfutar ta ga ɓarnar. Fayil ɗari tara da 'yan kai, an yanke musu wutsiya.

Wutsiya kalmar ofishin ce, kuma ita ta ƙirƙiro ta. Ofishi ne na duba gine-gine. Ma'aikaci zai je ya duba gida, ya rubuta ko yana da lafiya ko yana da haɗari, a buga hatimin ofis a miƙa wa mai gida. Ba a sa sunan wanda ya duba a jikin takarda, don kada masu gidaje su riƙa bin mutum har ƙofar ɗakinsa. Shi ya sa Sakatariya ta tsara sunan kowane fayil da lambar gini, da kwanan wata, sai a ƙarshe ɗan guntun layi da lambar ma'aikacin. Ban da wannan wutsiya babu inda za a san wanda ya je ina.

Jiya Talata da safe matakalar wani gidan haya mai bene ta rufta. Wata mai ɗinki ta rasu, yara biyu suka karye. Mai gidan ya fito da takardar wannan ofis mai cewa ginin lafiya lau.

Kafin ƙarfe tara Sufeton 'yan sanda ya iso, mutum mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Darakta ya tarbe shi yana share gumi, ya kawo shi ɗakin Sakatariya.

"Wa ke iya canja sunan fayil a nan?" in ji Sufeto.

"Kwamfutarta kaɗai," Darakta ya ce. "Sauran sai dai su buɗe su rubuta. Kuma gaskiya, ranka ya daɗe, ita kaɗai na san ta iya yanke su a tashi ɗaya. Bara a gabanmu ta yi wa tsofaffin fayiloli ɗari uku, har muka tafa mata."

Shekara goma sha takwas tana jiƙa wa wannan mutumin shayi, yau ko kallonta bai yi ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Akwai kwafinsu a ajiye a wani wuri?" Sufeto ya tambaye ta.

"Na'urar ajiyar ta lalace tun bara," in ji ta. "Na rubuta takarda sau uku."

"Ina kike jiya da rana?"

"Ƙarfe biyu na fita na kai mahaifiyata asibiti. Cikin sauri ban kashe kwamfutar ba."

"Wa ya gan ki a can?"

"Layi ne ya kai har bakin titi. Ban san wanda zai tuna da ni ba."

Sufeto ya rufe littafinsa. "Hajiya, ɓata shaida laifi ne mai zaman kansa, ga kuma rai a ciki. Zan ɗauki bayanin sauran. In na gama, ƙarfe sha biyu ke da ni za mu tafi ofishinmu."

"Kafin sha biyun, a bar ni in duba aikina."

Ya jawo kujera. "Duba. Amma ido kawai, kuma ina nan zaune."

Ta gyara zaman gilashinta ta soma bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi shekaru tana rubuta abu da hannunta ba ta buƙatar a nuna mata inda ya karkace. Tun a shafi na biyu ta tsaya.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Wannan an yanke shi tas. Wannan kuma an bar masa guntun layi a ƙarshe. Ga wani. Ga wani ma."

"Me ke nan?"

"Masu duba gini uku ne. Baba lamba bakwai, Dogo lamba tara, Injiniya lamba sha huɗu. Kwamfuta ba ta san wutsiya ba, adadi kawai ake ba ta, a ce cire biyu daga ƙarshen kowane suna. Biyu ya ishi layi da bakwai, ya ishi layi da tara. Amma sha huɗu da layinta uku ne. Duk mai guntun layi na Injiniya ne."

"Na gidan da ya rufta fa?"

"Tas yake."

Aka kira Injiniya, matashiya mai tafiya kamar ana binta. Ta ce jiya tun safe tana wurin ruftawar tare da Darakta har aka tashi, jama'a sun gan su. Sufeto ya nuna mata allon.

"Haba," ta ce. "Ni zan zo ɓoye kaina in bar nawa kaɗai a fili? Anti, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Shi muke nema. Je ki."

Sakatariya ta ci gaba da gangarawa. Can wajen ƙarshe ta ga wani fayil guda da wutsiyarsa cikakkiya, layi da tara. Sufeto ya gyara zama, ya sa a kira Dogo.

Dogo ya shigo yana sunkuyar da kai saboda ƙofa. Shi ne gwanin kwamfuta na ofis, kuma ya san kowa shi yake zargi a zuci, don haka tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Bar rantsuwar," in ji Sufeto. "Wannan rahoton naka ne?"

"Nawa ne. Na gidan burodi. Jiya na buɗe shi wajen ƙarfe uku, na yi ta fama da shi har huɗu, na kashe na tafi."

"Me ya sa shi kaɗai ya tsira?"

Dogo ya buɗe baki, Sakatariya ta riga shi. "Fayil in yana buɗe a hannun wani, kwamfuta ba ta yarda a canja masa suna. Za ta tsallake shi, ta kuma fito da saƙo ta faɗa maka. Ka ga mun san lokaci ke nan, tsakanin uku da huɗu. Kuma da Dogo ne, taku goma ne zuwa teburinsa. Sai ya rufe fayil ɗin ya dawo ya ƙarasa. Wanda ya yi wannan ya ga saƙon bai gane shi ba."

"Wallahi Anti, da ni ne ko guntun layin nan ba za ki gani ba," in ji Dogo.

"Rufe bakinka kafin ka gyara wa kanka ɗaki a wurinsu," ta ce.

Da ya fita, Sufeto ya duba agogo. Sha ɗaya da minti biyar. "Saura mutum ɗaya, kuma an ce min ko kunna kwamfuta bai iya ba. Kin ga mun dawo kanki."

Ta sani. Tun ɗazu ma ta san inda hanyar ta nufa, ƙafarta ce ta ƙi zuwa. Baba shi ne dattijon ofis, saura wata biyu ya ajiye aiki. Shi ya karɓe ta ranar da ta fara, shi ya tsaya a kan jana'izar mijinta kamar uba. Da biro yake rubuta rahotonsa, ita ta buga masa, ya zauna a gefenta ya karanta. 'Yata yake ce mata.

Ta buɗe rahoton gidan da ya rufta. A kan keken rubutu ta koyi aiki, kuma har yau ba ta daina jan layi biyu a ƙarƙashin adireshi ba, abin da yaran ofis ke yi mata dariya a kai. Layin biyu na nan. Ita ta buga shi, kuma mutum ɗaya take buga wa.

Ta faɗa wa Sufeto haka.

"Kin san wannan ya ƙara ɗaure ki? Kin buga, kin kuma goge don ki rufa masa asiri."

"Na sani. A kira min mai gadi."

Mai gadi ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ta tambaye shi yaushe Baba ya tafi jiya.

"Baba ai shi ne na ƙarshe, bayan Dogo. Ni na riƙe masa hannu ya sauka dakalin nan, kin san gwiwar tasa."

Sufeto ya juya shafi a littafinsa. Da safe, tun isowarsa, Baba ya ce masa ƙarfe ɗaya ya tafi gida.

Baba ya shigo a hankali yana dafa bango, ya zauna a kujerar da ya saba zama. Ya yi wa Sufeto sallama, ya ce da ita, "'Yata, sannu da wannan jarrabawa."

"Yauwa, Baba." Ta juyo da allon wajensa. "Karanta min sunan fayil na farko."

Ya matso, ya ƙanƙance ido, ya ja baya. "Ai kin san sai kin ƙara min girmansa."

"Na sani. Kullum a gabanka nake danna maɓallan nan biyu in ƙara maka. Amma ba ka taɓa ganin yadda nake mayarwa ba, don sai ka tashi nake yi. Yau da safe na tarar da rubutun manya-manya."

Ta ɗaga gilashin da ke shimfiɗe a kan teburinta ta zaro wata takarda ta miƙa wa Sufeto.

"Wannan na rubuta wa wadda ta riƙe min aiki lokacin hutuna. Yadda ake yanke ƙarshen sunaye a tashi ɗaya, mataki biyar, ko wanda bai iya komai ba zai bi. Shekara guda tana nan a ƙarƙashin gwiwar hannun Baba. Da ya zo wurin da aka ce rubuta adadi, sai ya ƙirga wutsiyar da ya sani, tasa, ya sa biyu. Saƙo ya fito a kan fayil ɗin Dogo, bai san ma'anarsa ba, ya danna ya wuce. Bai taɓa fayil ɗaya kaɗai ba, don rahotannin maƙwabtan gidan na ranar za su nuna wanda ya je unguwar. Sai ya yanke duka."

Sufeto ya dubi dattijon. "Malam, nawa mai gidan ya ba ka?"

"Ko sisi." Baba ya ɗaga kai, a karon farko da zafi a muryarsa. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa karɓar na kowa ba." Sai kuma kafaɗunsa suka sauka. "Ban hau ba ne. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai, na tambayi mai kula da gidan, ya ce lafiya. Gwiwa ta ƙi. Na ji tsoro in na faɗa za a sallame ni kafin lokacina."

"Tun yaushe?" in ji Sakatariya.

"Shekara uku."

"Duk gidan da ke da bene?"

Ya gyaɗa kai.

Shekara uku tana buga "an duba sama da ƙasa" da yatsunta, tana ja masa layi biyu. Sufeto ya miƙe ya ce ita ta fita daga zargi, za ta ba da shaida kawai. Darakta, wanda ya laɓe a bakin ƙofa tun ɗazu, ya fara cewa shi dama ya san ba za ta aikata ba. Ba ta ko waiwaye shi ba.

"Baba, tambaya ɗaya," ta ce. "Tun safe kana zaune a ɗakinka, ka ji an ce sha biyu za a tafi da ni. Da ban gano ba, da ka tashi ka yi magana?"

Ta so ya yi mata ƙarya, da ta karɓa.

"Da ban tashi ba, 'yata."

"Kada ka sake kirana da wannan sunan."

Sufeto ya riƙe masa hannu suka fita a hankali. Ta saurari takunsu har ya ɓace, ta share fuskarta da gefen mayafi, sannan ta ɗaga murya ta kira Dogo da Injiniya.

"Ku ɗauko hulunan kwanonku. Zan buɗe fayilolin nan ɗaya bayan ɗaya, duk na Baba mai bene zan ba ku adireshi, ku je ku hau da ƙafarku."

"Anti, ki ɗan huta mana," in ji Injiniya. "Ko ruwa ba ki sha ba."

Sakatariya ta riga ta buɗe na farko. Ta karanta, ta yagi takarda ta rubuta adireshin ta miƙa mata.

"Makarantar yara ce, aji shida a sama. Ki hanzarta kafin a tashe su su sauko ta matakalar gaba ɗaya."