Rabau da Babban Tire

Da rana ta take tsaka, Rabau ya kama aikinsa. Hannuwansa na ƙarfe suka zuro daga rufin babban ɗakin girki na Birnin Sabon Tafki, wannan yana tuƙa tuwo, wancan yana tsame shinkafa, wani can yana juya wake a tukunyar da zafin rana kaɗai ke dafa ta. Ma'aikata suka jeru. Kowa ya kara awarwaron hannunsa a jikin taga, taga ta karanta ƙasarsa, ta turo masa kwanonsa a rufe.

Dakta Lantana Gwarzo ce ta ƙera Rabau, kuma ba don tausayin masu jin yunwa ta ƙera shi ba. An gina birnin ne saboda aikin mayar da ruwa Tafkin Chadi, aikin da ya tara manyan ma'aikata daga kowace kusurwa ta duniya. Da Lantana ta ga wannan taro, sai ta ga damar da ta daɗe tana mafarki. Tana son ta san yadda mutanen ƙasashe suka bambanta wajen cin abu biyu: sitaci, wato abin da ke cikin tuwo da shinkafa da burodi mai ba jiki ƙarfi, da kuma harza, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, waɗanda ciki ba ya narkarwa amma su ke share hanji. Masu binciken da suka riga ta, tambayar mutane suke yi, kuma nan suka yi kuskure. Ka tambayi Bahaushe malmala nawa ya tashi da ita, zai ce maka ɗan taɓawa ya yi.

Rabau ba ya tambaya. Yana dafa wa kowa irin cimar ƙasarsu daidai yadda suka saba, awarwaro kuma yana auna abin da ya shiga jiki, ya aika wa babban allon da ke ofishin Lantana. A allon nan kowace ƙasa da launinta. Su Kenji, mai kula da jiragen haƙa daga Japan, suna can gefen da sitaci ya yi yawa harza ta yi kaɗan, saboda farar shinkafa. Su Almaz ta Habasha, da gurasarsu mai tsami da wake, suna can sama inda harza ta cika. Mutanen arewacin Turai, masu baƙin burodi da cuku, sun yi nasu gungu. Masu tuwon dawa da miyar kuka ma ga su nan a nasu wurin. Lantana takan tsaya gaban taswirar nan tana murmushi ita kaɗai, don tana sonta ƙwarai, kuma ita za ta kai babban taron masana abinci na duniya idan damina ta wuce.

Sai launuka suka fara tafiya.

Da fari Japan ce ta ɗan gusa sama. Lantana ta ce ƙura ce a na'ura, ta sa aka goge. Kafin wani lokaci Habasha ta sauko, Turai ta matso, masu tuwo suka bar wurinsu, kowa ya nufi tsakiyar allo kamar kaji sun ji an watsa tsaba. Ta kwance ma'aunin Rabau ta mayar, ta sauya awarwaro, ta binciki ƙwaƙwalwarsa layi-layi. Komai lafiya lau. Farfesa Nomau, shugaban hukumar da ta ba ta izinin aikin, ya kira ta ta allo ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba cewa hukuma ba za ta kai shirme gaban duniya ba. Ko ta gano matsalar, ko a soke binciken. Hankalinta ya tashi matuƙa, don ƙuruciyarta duka a kan wannan aiki ta ƙare.

Da ta rasa inda za ta duba a cikin na'ura, sai ta yanke shawarar bin kwanukan da ƙafarta. Washegari da azahar ta bi bayan ma'aikata har bakin babbar magudanar ruwa, inda faifan tara hasken rana suka yi inuwa mai faɗi. Tun daga nesa take jin shewa da dariya.

Abin da ta gani ya sa ta tsaya cak. An samo murfin wani ƙaton bututu, an wanke shi tas, an girke shi a tsakiya ya zama tire. Duk wanda ya iso sai ya buɗe kwanonsa ya juye a ciki. Shinkafa ta hau kan tuwo, wake ya gangaro cikin miyar kuka, baƙin burodi yana iyo a gefe. Irin wannan tire ba ɗaya ba ne, sun jeru har ƙarshen inuwar. A bakin na farko, Injiniya Bawa Jatau, shugaban masu kula da famfuna, ya naɗe hannun riga yana koya wa wata Baturiya yadda ake yanko loma ba tare da miya ta bi gwiwar hannu ba.

Lantana ta ƙarasa tana huci, ta tambayi wanda ya fara wannan ɓarna. Duk yatsu suka nuna Bawa, shi kuma ya nuna Kenji.

Ga yadda aka yi. Wata rana Bawa ya zauna da kwanonsa, Kenji ya zo wucewa, sai Bawa ya ce masa bismillah, kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi. A gida kowa ya san amsar: ka ce alhamdulillahi, ka yi gaba. Amma na'urar fassara da ke kunnen Kenji ta gaya masa gaskiya, cewa ana gayyatarsa cin abinci. Kenji ya rusuna, ya zauna, ya tashi da rabin tuwon. Don kada ya zama marar kunya, ya juye wa Bawa rabin shinkafarsa. Washegari ya dawo da abokinsa. Kafin a ankara baƙi duka sun koyi kalmar, kuma su da gaske suke faɗinta, ba sa yarda ka wuce.

"Dakta, ki yi haƙuri," in ji Bawa, yana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Wallahi ban san bincike nake rushewa ba. Amma ina ci mutum yana tsaye, ai lomar ba za ta wuce mini ba."

Kenji kuwa ko a jikinsa. Ya shiga ba ta labari da murna, ba tare da an tambaye shi ba, cewa tunda ya haɗu da miyar kuka cikinsa ya daina yi masa gardama da safe, har ya aika wa mahaifiyarsa garin kuka. Almaz ta ce ita shinkafar Kenji ce ke kai ta la'asar ba ta yi hamma ba. Aka yi ta dariya. Lantana ta so ta ci gaba da fushi, amma fushi yana da wuyar riƙewa a gaban mutanen da ke lasar yatsa.

Ta koma ofis ta kira Farfesa Nomau. Ya yi murna da jin cewa na'ura ba ta lalace ba, ya ce ai gyaran mai sauƙi ne. A sa Rabau ya kulle kwanuka, kada murfi ya buɗe sai mutum ya shiga ɗan akurkin cin abinci shi kaɗai. Cikin ɗan lokaci kowace ƙasa za ta koma wurinta, taswira ta dawo, a tafi taro. Umarni ɗaya kawai za ta bayar.

Kafin ta bayar, ta so ta ga iyakar ɓarnar. Ta ce wa Rabau ya manta da takardun ƙasa, ya raba mutanen birnin bisa abin da jikinsu ya nuna kawai, ya faɗa mata ƙasashe nawa suka rage.

"Biyu," in ji Rabau.

Allo ya nuna wani ƙaton dunƙule a tsakiya, launuka sun cakuɗe ba a gane na kowa. Can nesa a kusurwa kuma ga ɗigo ɗaya tilo. Lantana ta ji daɗi, ta ce ashe akwai mai bin doka a garin nan. Ta taɓa ɗigon don ta ga wane ne, sai sunanta ya fito.

Ta dubi kwanonta da ke kan tebur, an auna shi daidai, ya huce tun ɗazu. Ta yi dariya har hawaye ya zo mata, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ta sake kiran Farfesa Nomau. "Farfesa, ba zan kulle kwanukan ba," ta ce.

Ya tuna mata cewa binciken zai mutu ke nan, kuma ba lallai a sake tara mata duniya wuri ɗaya ba. Ta ce ta sani, kuma abin yana yi mata ciwo. Ya tambaye ta, to me zai gaya wa masana a taro?

"Ka ce musu mun kusa gama auna duniya, sai ta zauna cin abinci."

Washegari da azahar ta ɗauki kwanonta ta nufi bakin magudana. Ba ta kai ga inuwar ba Kenji ya hango ta, ya miƙe tsaye da miya a haɓarsa, ya ce mata bismillah da iyakar muryarsa. Bakinta ya buɗe zai ce alhamdulillahi, kamar yadda ya saba tun tana yarinya. Ta rufe shi, ta zauna, ta buɗe murfin.