Akwatunan Taba a Ɗakin Guga

"A ƙasa! Kowa a ƙasa!"

Mai Wanki ba ta san lokacin da ƙunshin kayan ya faɗo daga kanta ba. Rigunan Baba Mai Taba ne, ta goge su tun da safe, ta kawo masa shago da rana tsaka kamar yadda ta saba. Sai ga ta kwance rub da ciki a kan siminti.

Su uku ne, kowa ya naɗe fuska da ƙyalle. Dogon cikinsu siriri ne kamar sandar rake. Shi ya shaƙo wuyan tsohon.

"Makullin ɗakin ciki, tsoho!"

"'Ya'yana, ga aljihun tebur nan, ku kwashe..."

"Uban wa ya ce maka canji muka zo nema? Ɗakin da manya ke ajiye mota su shiga, shi muke so!"

Ƙwas! Gindin bindiga a goshi. Baba ya zube, jini ya wanke masa gira.

Suka ɓalle ƙofar. Wani sanyi mai ƙamshin katako ya fito. Akwatuna ne jere a kan kanta, cike da sigarin ganye, irin mai kaurin nan kamar babban yatsa. Suka shiga jida suna kaiwa mota.

Mai Wanki ta ɗan ɗaga ido, da ma ba ta ɗaga ba. Wanda ke gadin ƙofa da hagu ya riƙe bindiga. Ƙaramin yatsansa a lanƙwashe, da tabon ƙuna. Ta san tabon nan. Dutsen gugarta ne ya yi shi, ranar da yana rarrafe ya kai hannu. Bahago ne. Ɗanta, shi kaɗai Allah ya bar mata.

Idonsu ya haɗu.

"Ke... ke tsohuwa, rufe ido!" Ya kawar da kai.

Baba yana jan ciki yana roƙo. "Kada ku sa su a rana... don Allah kada ku bar su a zafi..."

"Maza, mu ware!"

Mota ta yi ƙara, ta ɓace.

Sai da jinin Baba ya bushe 'yan sanda suka iso. Sufeto ya shigo da tumbinsa yana sakace, ya leƙa ɗakin, ya kwashe da dariya.

"Taba? Ba kuɗi, ba gwal, taba? Ɓarayin zamani ke nan." Ya juyo. "Ke Mama, me kika gani?"

"Siminti na gani, ranka ya daɗe."

Washegari da hantsi Bahago ya tsayar da mota a bayan gidanta, ya lulluɓe akwatunan da zannuwan gado kamar kayan wanki, ya shigar da su ɗakin guga. Ta jira ya ajiye na ƙarshe, ta kwaɗa masa mari.

"Kanikanci ka ce min kake yi! Shege maƙaryaci! Mutumin da yake ba ni aiki tun kana goye, shi kuka fasa wa kai?"

"Inna, yi a hankali."

"Ni ce tsohuwa, ko? Rufe ido, ko?"

"Da na ce Inna, da Oga Ƙwarangwal, dogon nan, ya bindige ki a wurin. Ba ya barin wanda ya san mu." Ya durƙusa ya riƙe ƙafarta. "Oga ya ce a ajiye sai ƙura ta lafa. Ba mai binciken ɗakin mai wanki. Kayan ƙasar waje ne, Inna, ƙwara ɗaya ta fi abin da kike samu a wata. In ɗaya ta ɓata, kaina ne. Wallahi kaina ne."

Ta dube shi. Ƙato da gemu, amma ga shi durƙushe kamar yaro. Ta ɗaga hannu za ta ƙara masa, hannun ya ƙi sauka.

Ɗakin guga kuwa rufin kwano ne, ba taga sai 'yar kafa. Garwashi a kasko, tukunyar sitati na tafasa, jarkar kananzir a lungu, sandunan sabulu a kan katako. Mutum ya shiga da rana sai ya fito kamar an tsoma shi a rijiya. A nan akwatunan suka zauna, sati ya bi sati, wata ya bi wata. Ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta tashi ta leƙa. Ta daina barin maƙwabciyarta ta shigo aron wuta.

Wata rana tana shara ta ga gari ja-ja a gindin akwatunan. Ta buɗe ɗaya. Ƙananan ƙwari ne suna yawo, sun huda tabar kamar da allura. Ba su ce in ɗaya ta ɓata kan ɗanta ne ba? Abin da ta sani shi ta yi. Duk kayan da ƙwaro ya shiga, rana da kafur ne maganinsa. Ta kulle gida, ta shanya su a tsakar gida suka sha rana, ta sayo kafur ta cusa a kowane akwati, ta rufe ruf. Ƙwari suka mutu. Ranar ta yi barci.

Bayan haka ta ji an sallamo Baba Mai Taba daga asibiti. Ƙafarta ta ƙi zuwa, kunya ta tura ta. Ta same shi a kan tabarma, gefen bakinsa ya karkace.

"Sannu, Baba. Allah ya tona asirinsu."

"Amin, 'yar nan. Ni abin da ke ba ni tausayi, wahalar banza suka sha. Sun zaci ta ƙasar waje ce."

"Ba ita ba ce?"

"Ina! Mafi arha a kasuwa ita nake saya, ta 'yan dako. In sabuwa ce, ɗaci gare ta, ga yaji, ga wani wari kamar makewayi, tana kankare maƙogwaro. Sai in zuba ta a akwatin katako, in ajiye kwanon ruwa a ɗakin, ba zafi ba bushewa, ina juya ta ina dubawa. Shekara da shekaru. A hankali faɗanta ke mutuwa. Hayaƙin ya yi laushi, ka ji ƙamshin itace, ka ji kamar zuma can ƙasa-ƙasa. Ba ta zama mai tsada, ta dai daina cizo. Masu zuwa sun sani, haƙurina suke saya."

Mai Wanki ta matso kusa. "To in... in ta bar ɗakin fa? A ce ta sha rana?"

"Ta mutu. Man jikinta ya tafi, ta koma kara."

"In an sa mata maganin ƙwari? Kamar kafur haka?"

Tsohon ya yi dariya da rabin baki. "Ke da kike wanki? Taba ai tsumma ce, duk abin da ta kwana da shi sai ta sha. Wannan ko mahaukaci ba zai zuƙa ba."

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Ta tarar da Bahago yana jiranta, fuska a sake.

"Inna, an samu dillali. Jibi Oga zai kawo shi nan ya ɗanɗana, mu kwashe kayan ki huta."

"Kunna ɗaya."

"Haba Inna, an ƙirga..."

"Na ce kunna, don ubanka!"

Ya ɗauko ɗaya. Ganyen ya fashe a hannunsa yana ƙas-ƙas. Ya kunna, ya ja. Sai tari. Ya durƙusa yana kakari, hawaye na zuba, yana tofar da yawu. Ta faɗa masa komai, daga ƙwari har zancen Baba.

Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Zai ce na sauya. Zai ce na sayar da na gaske na zuba ta tasha. Inna, na ga abin da ya yi wa wani saboda agogo. Agogo kawai!"

"Ni zan ce masa ni na yi."

"Sai ya haɗa mu."

"Ka gudu."

"Ya san inda kike."

Ta dubi ɗanta, ta dubi akwatunan. Gara ta riƙa kai masa abinci gidan yari da ta wanke gawarsa. Ta yafa mayafi ta nufi ofishin 'yan sanda.

Sufeto ya saurara har ya manta da sakace.

"Su duka uku za su zo?"

"Da dillalinsu. Amma ka ji ni da kyau, ranka ya daɗe. Ɗana da rai nake son shi. Ku ɗaure shi, ku ba shi shekarun da ya ci. Ba harsashi."

"Ta yaya yarana za su gane shi?"

"Farar riga zai sa. Ni zan goge ta da hannuna."

"Mama, na rantse miki. Ko ƙuda ba zai sauka a kan mai farar riga ba."

Ranar ta zo. Ta sa wa rigar sitati ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ita ta ɓalla masa maɓallai, tana faɗa masa shirin da ta yi da 'yan sanda.

"In ka ji sun yi kira, ka fito hannu sama. Kada ka gaya wa kowa."

"Kwalba fa, na ukunmu? Tare muka tashi, Inna. A kwano ɗaya kika zuba mana."

"Ko inuwarka kada ta ji!"

Amma ta ga idonsa. Kuma da suka iso bayan azahar, ta gan shi ya ja Kwalba gefe yana masa raɗa. Wawa, ɗan wawa! Mai taushin zuciya a inda ba a taushi.

Ƙwarangwal ya shigo ba ƙyalle a fuska, idanu a loko. Ya rusuna mata. "Inna, sannu da gida. Allah ya bar mana ke." Ita dai ta duƙa kan bahon wanki a tsakar gida, tana cuɗa riga ɗaya ba ta san ta cuɗa ba. Ƙofar ɗakin guga a buɗe, tana ganin komai.

Dillalin ya buɗe akwati, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Kai! Durowar kakata kuka kawo min?"

"Ɗanɗana," in ji Ƙwarangwal.

Ya yanke kan ɗaya, ya kunna, ya ja sau ɗaya, ya tofar. Ya warware ganyen a tafin hannu. "Ɓuntun taba ne a ciki. Ta 'yan dako ce, Oga, kuma an yi mata wanka da kafur da kananzir. Ko kyauta ba na ɗauka."

Ya watsar da ganyen a ƙasa.

Ƙwarangwal ya juyo a hankali. "Bahago. Ina kayana?"

"Oga, wallahi su ne..."

"Ina kayana?" Bakin bindiga ya hau goshinsa.

"Ni ce!" Mai Wanki ta yi kansu, kumfa na ɗiga daga hannunta. "Ni na zuba kafur! Ni ka harba, la'ananne!"

A daidai nan lasifika ta ɗauka daga waje.

"'Yan sanda ne! An kewaye gidan! Ku fito hannu sama!"

Dillali ya faɗa bayan akwatuna. Ƙwarangwal ya juya bindiga kan Kwalba. "Wa ya sayar da ni? Kai ne?"

"Ba ni ba ne! Oga, rigar! Bahago ya ce in tsaya bayansa, ba za a harbi mai farar riga ba!"

Ƙwarangwal ya dubi rigar. Har murmushi ya yi.

"Cire."

"Oga..."

"Cire, ko in fasa kan uwarka ka gani!"

Bahago ya ɓalle maɓallan. Ƙwarangwal ya zura rigar, ya cusa wa Bahago wata bindiga da ba harsashi a hannun hagu, ya tura shi gaba daga shi sai baƙar singileti. Mai Wanki ta rungume ƙafar Ƙwarangwal, ya yi ƙwallo da ita ta bugu da baho.

"Ba shi ba ne! Sufeto, an sauya! An sauya riga!"

Wa zai ji muryar tsohuwa? Ƙwarangwal ya hankaɗa Bahago ƙofar gida, ya saki harbi ɗaya sama daga bayansa. Tau!

Titi ya amsa. Tatatata! Tatatata!

Bahago bai ko ɗaga hannu ba. Ya faɗi a bakin kwata, fuska a ƙasa. Kwalba ya haura katanga, aka sauko da shi daga can. Sai ga Ƙwarangwal ya fito a natse, hannu sama, fari tas.

"Kada ku taɓa mai farar riga!" Sufeto ke ihu. "Na yi wa uwarsa alkawari!"

Aka riƙe shi a hankali kamar ƙwai, aka sa shi a mota. Da ta rarrafo ƙofa, ya dube ta ta taga, ya gyara wuyan rigar.

Ga abin da akwatunan taba suka ci. Kwalba ya tafi lahira. Dillali yana tsare. Baba Mai Taba, da aka kai masa kayansa ya buɗe ya shaƙa, sai ya juya fuska bango, bai sake buɗe shago ba. Masu kawo wanki sun ɗauke ƙafa, wa zai ba uwar ɗan fashi rigarsa? Sufeto an ƙara masa girma. Ƙwarangwal yana gidan yari yana cin abinci, har lauya gare shi.

Gawar Bahago kuwa tana ɗakin ajiya na asibiti, wai shaida ce sai an gama shari'a.

Kullum da safe Mai Wanki na kan bencin ofishin 'yan sanda. Sun kore ta, ta dawo. Sun ce ta kawo takarda, ta ce bakinta ne takardarta. Ranar da ta tare Sufeto a bakin motarsa, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Mama, mai farar riga kika ce. Ga shi nan da ransa. Ni na cika alkawari."

Ta riƙe ƙofar motar da hannu biyu, ba ta saki ba.

"Ɗana na ce maka, ba riga ba! Kai da ka rantse, ko fuskarsa ba ka tambaya ba. Ku ba ni shi in rufe. Ba zan bar ku ku ajiye min shi a akwati kamar taba ba. Ka ja motar in ka isa, sai dai ka ja da ni."