Fangali Uku Na Hanyar Argungu

Asiya tana bakin turmi tana surfen gero, ita kaɗai a tsakar gida, sai ta ji sallamar mai kifi. Da jin muryar ta saki taɓarya. Balaraba ce, tsohuwar maƙwabciyarsu a Argungu, wadda takan kawo bandar kifi Birnin Kebbi sau biyu a shekara.

"Inna Balaraba! Ƙaƙa Baba?" Ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba.

Balaraba ta sauke kwandonta. "Shina nan, ɗiyata. Sai dai ido. Yana ta rufe mishi guda, gudan ma sai rana ta take shika ganin mutum. Ya rataye homar kamun kihi, ya bar shiga ruwa. Amma kowace ran kasuwa sai ya ɗau sanda ya gangara mashaya, jirgin da duk yat taso daga Birni ya tambaya, 'Da Auta ciki?' Ke shika nuhi. Har 'yan jirgi sun san tambayar."

Asiya ta juya baya, wai tana gyara goyon 'yarta Baiwa. Hawaye take ɓoyewa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da lori ɗaya tak ke bin hanyar Argungu a mako, kuɗinta kuma sai mai hali. Shekara uku ke nan da aka kawo Asiya gidan Kalilu, kuma har yau ba ta je ganin gida ba, abin da kowace amarya kan yi kafin ta shekara. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, mahaifinta Dankure masunci shi ya raine ta. A nan kuwa ba ta da kowa. Matan unguwa suna da kirki daidai gwargwado, amma kowace da danginta a bayan katanga. Ita idan kewa ta ishe ta, sai ta tsaya a bakin rijiya ta dubi gabas.

Ba wai Kalilu ba ya son ta ba ne. Yana son ta ƙwarai, sai dai Allah ya yi shi da sanyin baki, ga shi kuma ƙane a gandu. Wansa Labbo ke riƙe da gona da rumbu tun rasuwar mahaifinsu. Shekarar farko Labbo ya ce matar gidansu ba ta zuwa ganin gida sai a lori, da turmin atamfa da huhun goro, kada masunta su raina su. Shekara ta biyu aka haɗa albasar gayaunar Kalilu, wato 'yar gonarsa ta kansa, da ta gandu aka sayar, wai za a yi tsaraba. Tsarabar nan ita ce ta rikiɗe ta zama keke, Labbo yana yawo da shi yana buga ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Uwarsu Inna Riskuwa kuwa, duk sanda zancen ya taso, magana ɗaya gare ta: "Mu ma haka munka zamna."

Da Kalilu ya dawo daga fadama da azahar, Asiya ta ajiye masa fura, ta durƙusa nesa.

"Malam, in ba ka kai ni, ka gaya min gaskiya in san abin yi. Idon Baba zai tahi bai ga Baiwa ba. Ni ma ba shi sake ganina!" Kuka ya ƙwace mata.

"Ke, tsaya mana! Ina da fulan."

"Mi ar fulan kuma?"

"Shiri, da bakin Turawa. Akawun En'e da nika kai wa albasa shi ya koya min. Ya ce shi ba shi jiran kuɗi su taru sannan ya yi tahiya, tun farkon shekara shika cire na hanya ya ce wannan ba na ci ba na. Na ce to, ni ba ni da albashi, amma ina da fangali."

Ashe tun da sanyi ya ware fangalin albasa uku a gayaunarsa, ya yi ta ba su ruwa da jigo bayan ya gama aikin gandu. Albasar tana ajiye a rudu, wato rumfar ajiyarta, tana jiran tsadar damina. Lori kuwa ya cire ta daga ransa. Ya yi magana da wani mai jirgi da ke kai gishiri Argungu: zai ɗauke su kyauta idan Kalilu ya kama masa tuƙi. Guzuri daga gida, kwana a ƙauyen bakin gulbi wajen dangin mai jirgin. Abin da albasa ta kawo ya ishi goro kaɗan da sabulu da abin kashewa.

Asiya ta share hawaye. "Kai za ka tuƙa jirgi? Kai da ko ƙwaryar ruwa ka gani sai ka yi bisimilla?"

"Ai ina da malama a gida," in ji shi. Ranar ce ta fara dariya tun shigowar bazara.

Daga nan ta shiga haƙuri irin na mai jiran abu. Ta kaɗa zare ta sayar, ta soya ƙuli, ta ɗinka wa Baiwa 'yar taguwa. Damina ta yi nisa, albasa ta yi tsada, gulbi ya cika. Sai labarin rudu ya kai kunnen Labbo.

Ya shigo gida da hantsi yana tura kekensa, ya jingine shi a gindin rumbu, ya kira Kalilu gaban Inna.

"Ashe ɓoyo kaka min? Ga rufin zaure na yoyo, ga tayar keke ta mutu, kai kuma ka tara albasa don yawon buɗe ido!"

"Yaya, gayaunata ta. Ban taɓa aikin gandu ba."

"Kuma cikin jirgin gishiri! Surukin Dankure shina tuƙi awa bara, da goro cikin ganye! A bari baɗi, in yi muku tahiya ta mutunci."

"Bara ma baɗi kac ce." Kalilu bai sunkuyar da kai ba. "Idon tsoho ba shi jiran baɗi, Yaya."

Labbo ya juya wajen uwarsu, don ya san amsarta. Asiya tana bayan zana, ta riƙe numfashi. Ta riga ta ji maganar a kunnenta tun kafin a faɗe ta.

Inna Riskuwa ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta daɗe, sannan ta fito da wani ƙunshi. Ta kwance shi a kan tabarma: gwado ne fari, saƙar hannu, ko sau ɗaya ba a rufa da shi ba, linkinsa har ya yi ja.

"Ke ɗiyar Argungu, taho nan." Asiya ta fito ta durƙusa. "Gwadon ga na saye shi ma babana, can Augie, kai Labbo kana goye. Ubanku yac ce a bari a ƙara gishiri da goro, kar a ji kunya. Munka bari. Shekara ta zagayo munka sake bari. Ran da goro ya samu, ran nan ɗan aike yat taho da labarin rasuwatai." Ta shafa gwadon. "Ina ce muku haka munka zamna. Ban taɓa ce muku mun ji daɗin zaman ba."

Ta tura shi gaban Asiya. "Ki kai ma Dankure. Kai kuma Labbo, keken ka iya tahiya da ƙafarka ka tura shi."

Labbo ya dubi gwadon, ya fita bai ko taɓa ƙararrawa ba.

Kwana biyu suka yi a ruwa, suna hawan gulbi. Kalilu ya sha wuya. Tun kafin su wuce Ambursa gorar tuƙi ta kafe masa a laka sau biyu, sau ɗaya ma ya bi ta tsundum, mai jirgi ya ciro shi yana dariya. Asiya daga inda take zaune kan buhun gishiri tana ba da umarni: "Kar ka rungume ta, Malam! Tura ka saki!" Tafin hannunsa ya yi bororo, ta shafa masa man shanu a inda suka kwana. Shi da bai taɓa wuce fadamarsu ba, ya ga shinkafa iyakar ganinsa, ya ga garken shanu na iyo, ya kuma ga matarsa ta zama wata daban, mai surutu, mai sanin sunan kowane tsuntsu. Ya ce a ransa, ashe shekara uku rabin Asiya yake aure.

Sun iso Argungu bayan la'asar, ranar kasuwa. A bakin mashaya ga wani tsoho dogo da sanda, yana karkata kai wajen motsin jirgi.

"Daga Birni? Da Auta ciki?"

Mai jirgi ya saba amsa wannan tambaya da "Babu, Baba." Yau sai ya dubi Asiya.

"Da ita, Baba!"

Ta faɗa ruwa iya gwiwa da goyonta, ta kama ƙafafunsa tana kuka. Dankure ya laluba kanta. "Ke ta. Muryarki ta. Amma rana ta yi sanyi, ban ganin komi yanzu. Allah shi kai mu gobe."

Washegari tun hantsi tsoho ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida inda babu inuwa, ya yafa gwadon duk da zafi, ya zauna yana jira. Da rana ta take ya ce, "To, matso." Ya kama fuskarta ya juya ta wajen haske, ya rufe mataccen idon da tafinsa, ya daɗe yana kallo. Aka miƙa masa Baiwa, ita ma ya dube ta har ta gaji ta kama gemunsa.

"Na gani," ya ce wa jikar tasa. "Hancin uwarki na. Kai kuma ɗana, miƙo hannunka." Ya shafa bororon da ke tafin Kalilu. "Wa yac ce ba ka kawo tsaraba ba?"

Kafin wata damina idon ya rufe gaba ɗaya. Amma har ƙarshen ransa, duk wanda ya zauna kusa da Dankure sai ya ji kamannin Baiwa dalla-dalla, har da ɗan tabon da ke gefen girarta. Kuma kowace shekara fangali uku na gayaunar Kalilu sunansu na hanya, ba mai taɓa su, ko Labbo.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan: zuwa ga naka ba almubazzaranci ba ne, a ware masa rabonsa tun ranar shuka, komai ƙanƙantarsa. Haƙurin Asiya ya biya ta domin an haɗa shi da shiri. Wanda kuwa ya ce sai tsaraba ta cika, ya tuna da Inna Riskuwa, wadda ta shekara talatin tana ajiye da gwadon mutumin da ba ta sake gani ba.