Motar da Ake Ji Tun Daga Kwana

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yan nan.

Ta zo mu ji, Kaka, mun baza kunne!

To ku matso, muryata ba ta kai nesa yanzu.

"Wallahi Auta, wannan ba mota ba ce, jarrabawa ce!" in ji Dogo, yana turawa yana haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Ƙara dai kaɗan, abin ƙaunata, ta kusa kamawa."

"Jiya ma haka kika ce! Ni fa aurenki na zo nema, ba aikin ƙarfi ba."

Motar ta yi tari sau uku, sannan ta kama da wata irin ƙara, har masu shaguna suka leƙo.

Bari in gaya muku su wane ne. Auta ma'aikaciyar jinya ce, Dogo kuma malamin makaranta, shekara biyu yana nemanta. Yayyenta duk sun watse, aure da aiki sun kai kowa nesa, sai dai waya. Ita kaɗai ta rage a gida da Umma. Motar kuwa ta Baba ce, mahaifinsu, shi kuma shekara uku da rasuwa. Tun yana raye salansarta ta fashe, tun daga kwanar layi ake jin tahowarta.

Idon Umma ya yi rauni. Yini take a ɗaki ita kaɗai, ba rediyo, ba mai sallama. Amma da yamma ta yi, ta ji ƙarar nan, sai ta miƙe zumbur, ta lalubi mayafi, ta zo bakin ƙofa ta tsaya, yadda ta yi wa mijinta shekara talatin.

Auta ta sa wa ranta cewa Umma gani take Baba ne ke dawowa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Dogo. Wace 'ya ce za ta buɗe baki ta ce uwarta ta fara ruɗewa?

Ranar nan gareji suka wuce. Tsohon bakanike ya leƙa injin, ya girgiza kai.

"'Yata, baiwar Allahn nan ta gaji. In na ɗaure nan, can ya kwance. Ki rabu da ita ki nemi 'yar ƙarama."

"A gyara injin, Baba. Amma kar a taɓa salansa."

Ya dube ta, ya dubi Dogo. "Ikon Allah! Yau na ga mai son ciwo ta ƙi magani."

A hanya Dogo ya kasa haƙuri.

"Sau uku kina ɗaga ranar aurenmu, Auta. Wadda ta kasa rabuwa da ƙarfe, yaushe za ta iya barin gida?"

"Ba za ka gane ba..."

"To ganar da ni mana!"

Ta riƙe sitiyari kam, ta ci gaba da tuƙi.

Shi Dogo a tunaninsa, tsoron wahalar gyara take. Ran nan tana kan aiki ya karɓi makulli wai zai kai wanki, ya je ya sa aka ɗaura sabuwar salansa. Ya dawo yana washe baki.

Auta ta murɗa makulli. Motar ta tashi luf, kamar numfashin jariri.

"Me ka yi? Dogo, me ka yi min?!"

"Sahibata, kyauta ce fa..."

"Wa ya sa ka? Ka fita harkata! Ka fita!"

Ta bar shi tsaye a ƙofar asibiti, ta tafi tana share hawaye.

Ta isa gida, ba kowa a bakin ƙofa. Ta shiga. Ɗakin ya fara duhu. Umma na zaune a gefen gado, mayafi a hannu, ta karkatar da kunne wajen taga.

"Umma..."

Tsohuwar ta zabura. "Ke ce? Ban ji ki ba!"

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta. "Ki yafe min. Gobe zan sa a mayar da tsohuwar salansar, ki ci gaba da jin dawowar Baba..."

Umma ta dafa kan Auta.

"Baba? Auta, da hannuna na rufe masa ido. Kin ɗauka na zautu ne? Ke nake saurare! Tun fitarki gabana ke faɗuwa, ina cewa yau a ina akwalar nan za ta mace mata? Sai na ji ƙarar nake iya numfashi."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na ga kina riƙe da ita saboda ubanki. In ce ki sayar, in karya miki zuciya?"

Suka yi kuka, suka yi dariya, suka koma kukan.

"Ki rabu da ita," in ji Umma. "Ki kuma kira bawan Allahn nan, kin mai da ɗan mutane jakin turi."

"In na tafi, wa zai zauna da ke?"

"Wanda ke zama da ni daga safe zuwa yamma. Na iya zama ni kaɗai, 'yar nan. Na daɗe da iyawa."

Auta ta kira Dogo. Sai a kira na huɗu ya ɗaga. Ta faɗa masa komai, abin da ta ɓoye shekara uku.

Ya ce, "Da kin gaya min, da ni da kaina zan ƙara fasa salansar."

Bakanike ya sayi motar, ya kwance ta ya sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Auta ta sayi 'yar ƙarama, ta auri Dogo, suka haifi 'ya'ya biyu. Sun roƙi Umma ta koma wurinsu, ta ce ƙafarta ta san ɗakin nan ko ba ido, ba inda za ta. Sai suka kama haya a layin baya, kullum da yamma suna zuwa. Shekara huɗu ta ƙara a haka. Ta rasu wata rana da hantsi, a kan gadonta, Auta na wurin aiki.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.