Ƙofar da Yahuza Ya Toshe a Limawa

Rana ta yi ja ta rataya a kan duwatsun Dutse, kaji sun fara neman wurin kwana. Hassana tana tsugune a tsakar gida tana tuƙa tuwon dawa, 'yarta Adawiyya, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, tana kaɗa miyar kuka a gefe. Ba iska, ba motsi. Sai ga dutse ya wuce ta kansu, ya daki katangar baya, ya faɗo ƙasa.

"Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya," in ji Hassana.

Ta leƙa lungu. Ba kowa sai akuya tana tuƙa. Kafin ta koma bakin murhu, dutse na biyu ya sauka. Wannan kam ta gan shi da idonta. Daga cikin tsakar gidan ya tashi, kuma ba hannun da ya ɗauke shi.

To, bari ku ji yadda suka shiga gidan. Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano ce. Mijinta Yahuza akawu ne, aka ce masa ya tattara ya koma Dutse kafin wata ya mutu, in ba haka ba a bakin aikinsa. Dutse kuwa lokacin ɗan gari ne, gida ya yi wuya. Manyan ma'aikata ma a azuzuwan makaranta suke kwana, wasu a mota. Yahuza mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Shayi ma a tsaye yake sha. Ya sayar da gonarsa ta gado a Jahun, wani dillali Sale ya kai shi wani gida a unguwar Limawa, ya leƙa daga zaure, ya ga ɗakuna, ya ce ya saya. Bai tambayi abin da ya sa mai gidan ya tashi ba. Bai gai da maƙwabci ko ɗaya ba.

Ranar da suka tare, sai ya ga wata ƙofa a katangar baya, ba ƙyaure, tana kallon dabinai da tsaunukan nesa. Nan take ya kira magini. Ana cikin kwaɓa siminti sai ga tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, Iyatu, ta dogaro sanda.

"Ɗan nan, tsaya in gaya maka wani abu game da ƙofar nan."

"Iya, sai na dawo, ana jirana a ofis."

Ya haye babur ya tafi. Maginin mai tsoron Allah ne, duk bulon da zai aza sai ya yi bisimilla. Kafin magariba ƙofa ta zama bango. Washegari Iyatu ta tafi zaman jegon jikarta a ƙauye, maganar da ke bakinta ta tafi da ita.

Daga ranar jifan nan, kullum rana ta sunkuya sai a fara. Bayan jifa sai tari, irin na tsohuwar da ƙirjinta ya bushe. Bayan tari sai jan ƙafa, a hankali, daga zaure zuwa katangar baya, a tsaya, a juyo. Hassana ta lura da abu ɗaya. Duk jifan nan bai taɓa samun mutum ko tukunya ba. Wuri ɗaya yake sauka, kan sabon simintin nan.

"Baban Adawiyya, ka zauna mu yi magana a kan bangon nan."

"Bari in dawo."

"Kullum sai ka dawo. In ka dawo kuma sai ka ce ka gaji."

"To ina zan kai ku, Hassana? Gona ta tafi. Ko ajin makaranta kike so mu koma?"

Ya sayo turare a tasha, ya karɓo rubutu a hannun wani da ko sunansa bai tambaya ba. Aka turara, aka sha. Jifa ya ƙaru. Takaici ya ishi Hassana har tuwo take tuƙawa tana hawaye, ba don tsoro kaɗai ba, don ta rasa yadda za ta tsayar da mijinta ya ji zance har ƙarshensa.

Sai abin ya koma kan yarinya. Adawiyya ta daina cin abinci. Ta fara tafiya a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu. In yamma ta yi sai ta je gaban bangon ta tsaya, ta sa farce tana kankarar siminti, tana kankara har yatsunta suka yi jini. In uwar ta janye ta sai ta dube ta da idon da ba nata ba. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Ranar nan Hassana ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta aika wa mahaifinta a Buji, shi kuma ya turo Malam Muhyiddeen, dattijon da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura.

Malam ya iso bayan la'asar. Shi kuwa Allah ya yi shi da sanyin jiki. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar mutanen Jahun ɗaya bayan ɗaya. Yahuza yana ta duba agogo.

"Allah gafarta malam, ko za a fara?"

"Za a fara."

Ya sake alwala. Ya zaga gidan, ya daɗe a gaban bangon yana kallon jinin yatsun yarinya. Sannan ya sa aka zaunar da ita a tabarma, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma gidan ya yi tsit, har kajin suka yi shiru. Can Adawiyya ta yi tari. Tarin nan ne da suke ji kullum.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni." Muryar tsohuwa ce tukuf ta fito daga bakin yarinya.

"Wace ce ke?"

"Mai wucewa."

"Mai wucewa ba ta zama a jikin 'yar mutane. Ki fita."

"Fita, fita. Kowa fita. Ta ina?" Ta juyo da kan yarinyar wajen Yahuza. "Ku tambayi wannan. Dutsen da muke ciki tun kakanni aka sa wa nakiya, wai za a yi titi. Mu ma tashinmu aka yi, ba wanda ya ba mu wa'adi. 'Ya'yana suka yi gaba da kaya. Hanyarmu ta cikin gidan nan ta bi tun ba a gina shi ba. Na shigo ta zaure, na ce bari in huta, ƙafa ta tsufa. Na tashi na tarar an rufe da sunan Allah. Baya babu gida, gaba babu ƙofa."

"Ai sai ki haura!" in ji Yahuza.

"Da wace gwiwar, mara kunya? Na yi jifa, ba ka duba ba. Na yi tari, ba ka ji ba. Matarka ta gane, ka ce sai ka dawo. Sai na ari bakin da dole ka saurara."

Hassana ta dubi mijinta. Shi kuwa bai iya ɗaga kai ba.

"An zalunce ki," in ji Malam, "amma ke ma kin yi zalunci. Yarinyar nan ba ita ta aza bulo ba. Za a buɗe, ki tafi."

"A yanka mini baƙar akuya."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ba za ki samu ba."

"To a bar ƙofar a buɗe har abada."

"Gidan nasa ne, ya saya. Yau za a buɗe miki."

Ta dubi Yahuza. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida.

"To shi zai fasa, da hannunsa. Kuma ya tsaya a wurin har in wuce. In ya ce mini in yi sauri, na fasa tafiya."

Malam ya sa ta rantse ba za ta sake komowa jikin yarinyar ba, ta rantse. Aka aro guduma. Yahuza, mai riƙon biro, ya yi ta dukan bulo har tafinsa ya fashe, kafin hanya ta buɗe dabinai su bayyana.

Adawiyya ta miƙe a duƙe. Daga tabarma zuwa ƙofar nan, yaro mai rarrafe ma zai kai kafin ka sha ruwa. Amma tsohuwar nan sai ta ja ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta yi tari, ta huta. Ta sake ja, ta tsaya ta dubi sama. Gari yana ta duhu. Gumi yana zuba a fuskar Yahuza, yana son kai ido ga agogo. Ta zo rabi sai ta zauna a ƙasa.

Bakinsa ya buɗe. "Don Allah ki yi..."

Hassana ta damƙe masa hannun riga. "Yau ɗaya, Baban Adawiyya. Yau ɗaya tak."

Ya haɗiye sauran. Ya kwance agogon ya sa a aljihu. Ya tsaya.

Ladan yana ɗaga murya yarinyar ta kai bakin ƙofa. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale, uwar ta tare ta. A waje suka ji jan ƙafa a kan yashi, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace cikin dabinai.

"Umma," in ji Adawiyya da muryarta ta da, "akwai sauran tuwo?"

Da gari ya waye Yahuza ya fito da babur, ya ce zai biya ya kira magini ya sake toshe ƙofar. Sai ya hangi hayaƙi a gidan Iyatu, ashe ta dawo. Ya tsaya yana kallon hayaƙin. Ya jingine babur, ya je ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa.

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ka dawo ke nan?"

"Na dawo, Iya. Ina jin ki."