Gwangwanin Da Ake Buɗewa Ko'ina

Marnie tana goge tsohon gwangwanin kek a kicin, sai 'yarta Britta ta leƙo.

"Mami, wai me ya sa Kaka ta rubuta 'A buɗe ko'ina' a murfin nan?"

Marnie ta yi dariya har da ƙwalla. Allah sarki, zamani!

A wancan lokacin intanet bai daɗe da shigowa garinsu Duluth ba, sai ya gama kuka kamar kyanwa kafin ya kama. Wendell, saurayin Marnie, yana aiki a shagon kayan kamun kifi na mahaifiyarta, Misis Halvorsen. Kwamfuta ɗaya ce tak a shagon, fuskarta na kallon masu sayayya. Samarin gari kuwa suna da ƙa'ida: duk mai tura wa abokai hoton banza sai ya rubuta a sama, "Kada a buɗe a wurin aiki." Gunnar, yayan Marnie, sarkin shirme, ya tura wa Wendell nasa, ya manta bai rubuta gargaɗin ba.

Wendell ya zaci hoton kifi ne daga tafki, ya danna. Wayyo! Tsiraici ya cika fuskar kwamfuta — ga Misis Halvorsen ta shigo riƙe da kek ɗin tuffa, matar fasto na biye da ita!

"Wendell! A shagona?"

"Na rantse ban san—"

"Wa ya turo maka?"

Ya ƙi faɗa. Gunnar bai daɗe da shiryawa da uwarsa ba bayan doguwar gaba. In ya ambaci sunansa, gidan ya sake wargajewa.

"To, aiki ya ƙare, aurenka da 'yata ma an fasa!" in ji Misis Halvorsen.

Marnie ta sha kuka. "Haba Wendell, ka faɗa mana!"

"Ki dai yarda da ni, Marnie. Ban nemi abin nan ba."

Ta yarda ɗin. Ya koma dako a tashar jiragen ruwa, sanyi na fasa masa hannu, ita kuma ta rame tana jira. Ranar bikin Ista, ana zaune a teburin cin abinci, Gunnar ya dubi ƙanwarsa ta kasa kai ko loma ɗaya. Ya ajiye cokali.

"Mama, ni na tura. Ni na manta ban sa gargaɗi ba. Wendell rufa mini asiri ya yi."

Washegari tsohuwa ta je tashar da kanta, ta miƙa wa Wendell gwangwani cike da kek, ta rubuta 'A buɗe ko'ina' a murfin, idonta jawur.

"Ɗana, ka yafe mini. Wannan kam babu abin kunya a ciki."

Marnie ta shafa rubutun da ya dusashe. "Kin ji, Britta. In za ki tura wa mutum abu, ki gaya masa abin da ke ciki. Kuma kada ki yanke wa kowa hukunci da gani ɗaya. Haƙurin babanki ne ya haife ki."

Wendell ya shigo, kansa fari fat. Ya ɗaga murfin, ya tarar wayam.

"Har yau ina buɗewa," ya ce a hankali, "ko marigayiya za ta sake cika shi."