Ranar da Aka Dawo wa Saude da Turminta

Saude na durƙushe tana goge wa Hajiya baya da ruwan ɗumi lokacin da Kulsumu, yayar mijinta, ta faɗo ɗakin ko mayafi ba ta cire ba. Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikin surukarta ya shanye. Ita ke juya ta, ita ke canja mata famfas, ita ke ba ta koko cokali-cokali. Da farko takan ɓuya bayan ɗaki ta yi kuka, daga baya kukan ma ya ƙafe. Yanzu ba ta jin haushi, ba ta jin daɗi, aikinta kawai take yi.

"An ce jiya Inna ta zamo daga gado, ke ko salati ba ki yi ba!"

"Na ɗauke ta, Yaya."

"Kin ɗauke ta! Buhun gero ce? Wagga yarinya ba ki da imani wallahi!"

Ana haka mijinta Nafi'u ya shigo, dawowarsa ke nan daga kai kaya kasuwar Shinkafi. Kowa a unguwarsu nan Ƙaura ya san yadda yake son matarsa. A Dauran ya fara ganin ta, tana lugude da ƙawayenta, tana cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, shi ko bawan Allah ya tsaya baki buɗe har aka gama lodi bai sani ba. Da Hajiya ta kwanta, tausayi ya sa ya kulle turmin a ɗakin ajiya, ya ce daga yau inji za a riƙa kai gero. Ya hana ta jan ruwa, ya hana ta leƙa maƙwabta, wai ta huta. Hutu kuwa ta yi shi, a ɗaki ɗaya, tsakanin gado da bokiti.

"Ka maida ta gidansu," in ji Kulsumu. "Wadda ba ta jin ciwon uwarmu mi za ta yi muna?"

Nafi'u ya durƙusa gaban matarsa. "Saude, dube ni. Kina son tafiya?"

So yake ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta riƙe masa riga. Sai ta matse tsumma ta ce, "Duk yadda kunka gani."

Nafi'u ya tabbata son ya ƙare.

Ƙwal! Ƙwal! Hajiya ce ke buga kwano da hannunta mai lafiya. Ta soma magana, harshe a karye, kuma duk gidan Saude kaɗai ke gane ta.

"Mi ta ce?" Kulsumu ta tambaya.

Saude ta fassara, murya a shimfiɗe, kamar zancen wata ake yi. "Ta ce ba inda zan tafi. Ta ce kai ka kashe ni da tausayi." Ta saurara. "Ta ce shekara shida ta yi tana jinyar kakarku a Zurmi. In ranta ya cushe, turmi take nufa, ta yi daka har gumi ya jiƙa ta, ta yi hira da mata, sannan ta koma da sabuwar zuciya. Ta ce ni an ɗauke min nawa."

Nafi'u ya tuna ranar da nas ta ce masa mai jinya ma ta riƙa motsa jiki don sitires, wato gajiyar rai, yana kayar da mutum. Dariya ya yi a lokacin, ya ce matar aure ina za ta je guje-guje? Ashe abin yana ɗakin ajiyarsa, shi ya sa masa kwaɗo!

Hajiya ta juya ido kan Kulsumu ta ƙara wata magana. Saude ta ƙi fassarawa.

"Faɗi mana!"

"Ta ce sau nawa kika taɓa juya ta?"

Kulsumu ta sunkuyar da kai. Sannan ta cire mayafin.

Da la'asar Nafi'u da kansa ya mirgino turmin tsakar gida, ya aika aka kira maƙwabciyarsu Salima. "Sori, Saudena," ya ce yana miƙa mata taɓarya. "Kullum war haka Inna tawa ce da Yaya. Ke je ki."

Ta karɓa don an ce ta karɓa. Bugun farko, kafaɗunta suka yi ƙara. Na goma, numfashi ya fara fita. Salima ta shigo da tata taɓaryar, lugude ya hau, gumi ya keto mata. Can, ba ta san lokacin da ta cilla taɓarya sama ta tafa ba. Tana cafewa kuka ya ƙwace mata, kuka mai ƙarfi, na wata goma sha huɗu. Ta ruga ɗaki ta faɗa jikin Hajiya.

"Inna, jiya kin ji ciwo? Wayyo, kin ji ciwo?"

Tsohuwar ta shafa mata kai da hannu ɗaya. Nafi'u na riƙe da bokiti yana hawaye yana murmushi.

Haƙurin Saude bai faɗi ƙasa ba. Kulsumu ta ɗauki kwana biyu a mako, ta nemi gafara a gaban kowa. Ku da ke da mara lafiya a gida, ku riƙa duba mai jinyar. In kun ga ta daina kuka, kada ku ce imani ta rasa, gajiya ce ta kai mata ko'ina. Ku karɓe ta ko da awa ɗaya ne ta motsa jikinta, ta ga mutane.

Har yau in Nafi'u ya shawo kwanar gida ya jiyo lugude, sai ya rage tafiya ya saurara, ya san matarsa na nan.